Kwana Biyu Kafin Jirgi

Tikiti ya iso ran Talata,
'yarmu Gracinda ta aiko daga Toronto:
jirgin ruwa, dare bakwai, tashi ran Asabar.
A ƙasan takardar an rubuta,
"Ku iso Lisbon da kwana biyu, ku ga gari."
Custódio ya yi dariya har da tari,
ya ce, "Garin da muke hangowa daga wurin shanya?"

Ni ban yi dariya ba.
Na share teburin kicin, na ɗauko biro,
na juya bayan takardar kuɗin wuta,
na ce masa, jawo kujera.

Masauki tukuna.
Shekara talatin da ɗaya ina gyaran gado
a otal ɗin nan na gangaren Chiado.
Na san ɗakin da famfonsa ke kuka cikin dare,
na san wanda ƙofarsa sai an sa kafaɗa.
Ɗari huɗu da sha biyu nake so.
Tagarsa tana kallon kogin Tejo.
Na goge gilashin nan har hannu ya haddace shi,
kullum idona na kan datti,
ban taɓa tsayawa na ga ruwan ba.

Ya ce dare ɗaya a can ya kai cefanen wata.
Na ce likkafani ba shi da aljihu.
Ya cire tabarau, ya goge, ya mayar,
ya ce, "To rubuta."

Sai abinci.
Daren farko wurin Belmiro a Alfama,
inda ake gasa sardin kan gawayi a bakin ƙofa,
da dankali, da man zaitun, hayaƙi na bin gashi.
Daren biyu gidan nan mai farin ƙyallen tebur,
wanda muke karanta farashinsa daga waje
mu haɗiye yawu, mu wuce.
Shinkafa da jatan lande zan ci,
kuma ba zan tattara faranti in miƙa wa kowa ba.
Likita ya hana Custódio gishiri,
amma ba a sayi tikitin likita ba.

Kan yawo muka yi gardama.
Ni ina son tsohuwar ganuwar kan tudu,
gwiwarsa ta hagu ta ce ba da ita ba.
Muka sasanta: tasi zuwa sama,
gangarowa a ƙafa, ana tafiya ana hutawa.
Belém da safe, kafin rana ta yi zafi,
mu shiga layin wainar ƙwai tare da baƙi,
in wani ya tambaye mu hanya
mu ɗaga kafaɗa kamar yau muka sauka.

Na ce, kai fa, me kake son gani?
Ya daɗe yana juya kofin kofi.
Shekara ashirin da shida yana tuƙa jirgin titi,
rawayan nan mai ƙara a kowace kwana,
idonsa kan layin ƙarfe da masu tsallaka hanya.
Ya ce, "Kujerar baya, gefen taga.
Ina son in ga abin da suke ta ɗauka a hoto."
Na rubuta. Hannuna ya ɗan yi rawa.

Takarda ta cika, har gefe na bi.
Teku, tsibirai, duk abin da ke bayan Asabar,
ko layi ɗaya ba mu ba su ba.

Da zai kashe fitila ya kafa mini sharaɗi:
da safe kada in taɓa zanin gado,
kada in ninke tawul, kada in leƙa ƙarƙashin kujera.
Na yi alkawari, ban san ko zan iya ba.

Da ya yi barci na tashi a hankali,
na nemo ambulan, na sa yuro ashirin,
na rubuta a baya: "Ga mai gyaran ɗakin nan.
In kin gama tagar, ki ɗan tsaya."